Ƙafar Hagu ta Don Nemesio

Tun bai kashe injin ba na ji warin,
ƙaurin nan mai kama maƙogwaro.
Don Nemesio Limachi ya sauko daga ƙaramar bas ɗinsa,
ganyen koka a kumatu, hula a hannu.
"Saturnina, ihu take yi, amma ba ta tafiya.
A hawan La Paz zuwa El Alto, fasinja goma sha huɗu,
na take totur, injin ya yi ruri,
sai ga mai tura baro ya wuce mu."

Ban tanka ba. Mahaifina ya koya mini:
a fara tambayar mota, sannan mai mota.
Na ja birkin hannu, na jefa giya ta uku,
na saki kuloci sannu a hankali.
Da lafiyarta ƙalau, nan take za ta mutu.
Ita kuwa ta ci gaba da gunaguni abinta.
Na leƙa man kuloci, bai ragu ba.
Na bi tiyo da yatsa, babu yoyo.
To, ciwon yana ciki.

Efraín ya kafa jak, na shimfiɗa kwali.
Sanyin da ke gangarowa daga Illimani
ya riga ni kwanciya a ƙarƙashin motar.
Furofela ta fita. Notina suka bi ta,
ban da guda ɗaya a can sama
da ya ci mini fatar yatsu biyu kafin ya yarda.
Giyabos ya sauko mana a ƙirji,
muka ja shi gefe muna haki,
iskar garin nan ba ta cika huhu.

Ga farantin nan.
Ya cinye har kan ƙusoshinsa suna ƙyalli,
baƙin gari ya cika kwanon,
faifan injin ya yi tabo shuɗi-shuɗi
inda zafi ya daɗe yana zama.
Na juya boris a tafin hannu, yana ƙarar tsakuwa.
Na shafa bayan faifan ko baƙin mai ya ɗiga:
a bushe yake.
Laifin ba na injin ba ne.

"Don Nemesio, na uku ke nan cikin shekara biyu.
Ƙarfe ba ya ƙarya.
Ƙafarka ta hagu ba ta sauka daga kan feda."

Ya daɗe yana kallon takalminsa.
"Shekarar da aka yi ƙanƙara da yawa," ya ce,
"a wani hawa kusa da maƙabarta,
mota ta zame mini da baya.
Taku goma kawai. Bango ya tare mu.
Ba wanda ya ji ciwo.
Amma akwai wata mata da jariri a goye,
har yau ina jin yadda ta kira sunan yaron."

Na kai faifan wurin mai gogewa,
na ɗaura sabon faranti, na saita shi tsakiya,
giris ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya,
na ɗaure notina ɗaya nan, ɗaya can.
Magariba ta yi kafin giyabos ya koma gidansa.

Da safe ban ba shi mabuɗi a gareji ba.
Na zauna kujerar gefe, muka nufi hawan nan nasa.
"Tsaya. Ja birkin hannu. Cire giya.
Sauke ƙafar. Ƙasa, Don Nemesio, har ƙasa."
Gwiwarsa tana rawa.
Motar ta tsaya cak,
garin duka yana kwance a bayanmu.

Muka yi minti guda a haka, ko biyu,
har wani direba ya fara danna mana hon.