Tufka da Warwara

Daren jajibirin jarrabawa aka ɗauke wuta a Mokoyo.
Na kunna fitilar waya, na buɗe kaye bisa tabarma.
Kaka Jadi na gindin bedi yana tufkar rama,
ya tofa yawu a tafi, ya murza a cinya,
sili biyu suna hawa juna, suna kewaya juna.
Na dubi zanen da na kwafo daga allon Mushe Sabi'u,
na dubi hannun tsoho.
Ashe abin nan a gidanmu yake.

Mushe ya ce sunanta ADN.
Igiya ce mai sili biyu, kwance a cibiyar ƙwayar jiki.
Da za a miƙe ta, da ta fi ni tsawo,
ga shi an naɗe ta a wurin da ƙwayar gero,
in an gwada su, gari ce guda har da kasuwa.

Baƙaƙe huɗu ne kacal a jikinta.
A ba ta kama hannun kowa sai T,
G kuwa, ko za a yi me, sai C.
Uku-uku ake karanta su.
Littafin ba ya barin ɗaki,
ɗan aike ne ke kwafo layi ɗaya
ya kai wa magina, su aza tubali bisa tubali
har ya zama gashi, ya zama jini,
ya zama wushiryar da ke bakina da bakin Baba.

Mu a nan, in an ce ana tufka ana warwara
aikin banza ake nufi.
Cikin jiki kuwa sai an warware igiyar
kowane sili ya samu sabon aboki,
ɗaya ta koma biyu, biyu su koma huɗu.
Da haka na kai shekara goma sha takwas.

Bara jar akuyar Kaka ta haifi baƙin ɗa.
Uwa ja, uba ja.
Kaka ya yi sati bai gaida Ɗan Baraka ba,
wai bunsurunsa ne ya tsallako danga.
Yanzu na san baƙi yana iya laɓewa bayan ja,
ya yi shiru kaka da kakanni,
sai ranar da ya gamu da irinsa.

Shafi na gaba ban so buɗe shi ba.
Sikila.
Baƙi ɗaya, A ya koma T,
sai ƙwayar jini mai kama da faifai
ta lanƙwashe kamar lauje ta tsaya a hanya.
Ƙanena Harisu na kwance a ɗaki,
jiya da dare gwiwoyinsa suka hana kowa barci.
Inna na gasa masa da tsumma tana cewa
daga nonona ne, daga wajena ne.

Ba daga nono ba ne, Inna.
Ashirin da uku kika ba shi, Baba ya ba shi ashirin da uku,
kowannenku na ɗauke da sili ɗaya bai sani ba.
Ni ta yiwu na tsallake, ta yiwu ina ɗauke.
Bayan jarrabawa zan je likita a duba.

Kaka ya ce, ke me kike karatu haka kina shan hanci?
Na ce, igiya.
Ya yi dariya har da tari:
to taso ki riƙe mini bakin wagga,
boko ya ƙare, tunda sun iso inda muke.

Na ajiye kaye, na kama bakin rama.
Tana da kaushi, tana da ɗumin hannunsa.
Cikin ɗaki Harisu ya juya, ya yi ajiyar zuciya,
bai farka ba.