Mai Barci a Cikin Dutse

Mahaifina Mzoli ne ya tsinto ka,
yana neman tunkiyar da ta ɓace a kwazazzabon Karu.
Tunkiyar dai dila ya riga shi.
Ya dawo da kai cikin hular ulu,
dunƙulen dutse mai launin hanta,
haƙori ɗaya ya leƙo kamar ƙwayar shinkafa.

Wata bakwai ke nan ina tone ka.
Allura ce gatarina, buroshin gashin raƙumi tsintsiyata.
Ranar da na yi aiki sosai
ƙurar da na cire ba ta cika cokalin shayi ba.

Dakta Rautenbach ta ce sunanka Tirinaksodon,
ta ce shekara miliyan ɗari biyu da hamsin,
ta faɗa kamar mai faɗin kuɗin burodi.
Ni ƙidayata a kan kakar kakata ta tsaya.

A watan huɗu bakinka ya buɗe mini:
na gaba na yanka, fiƙa na huda,
na baya masu kai uku.
Ban san sanda harshena ya zagaya nawa bakin ba,
yana ƙirga.

Kama da wane ba ta wane, na sani.
Ba kai ne kare ba, ba kuma ƙadangare ba.
Amma 'yan ramukan nan da ke gefen hancinka,
wasu sun ce gurbin gashin baki ne,
wasu sun ce a'a.
Ni na zaɓi in ba ka gashin.
Duhun rami sai da abin lalube.

Ka haƙa gida, ka shiga, ka nannaɗe,
wutsiya a kan hanci,
ƙasa a waje tana ci kamar murhu.
Ruwan da kake jira ya zo cikin dare,
ya zo da laka, bai yi sallama ba.

Jiya na koma gida a makare,
bas ta lalace a hanya.
Na tarar Siseko ya yi barci bai ci abinci ba,
gwiwa a ƙirji, hannu ƙarƙashin haɓa,
baya ya lanƙwashe yadda naka yake.
Na tsaya a ƙofa da jakata a kafaɗa.
Ana yayyafi a kan kwanon rufi.

Saura haƙarƙari uku a gefen hagu.
Gobe Litinin.
Zan bi a hankali, kada in tashe ka.