Asusun Tanimu

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Janaretan maƙwabci na tari,
ruwan Legas na dukan kwanon rufi
kamar mai bin bashin da ya gaji da haƙuri.
Ni kuwa ina gaban kwamfuta
ina cigiyar naira dubu arba'in da huɗu
da suka ɓata, ba ɓarawo, ba gobara.

Kuɗin Tanimu ne, mai albasa a Mil Tuwal.
Jiya da la'asar ya kira ni:
“Yarinya, manhajarku ta cinye mini buhu.”
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi faɗan.

Na bi sawu, layi bayan layi.
Ga adadin kuɗinsa a fili,
tukunya a tsakiyar kasuwa, babu murfi.
Kehinde ya taɓa daga sashen rangwame,
Obinna ya taɓa daga sashen haraji,
ni ma, Allah ya yafe mini, cikin azumi
na zura hannu ta taga don ina sauri.
Kowa da kyakkyawar niyyarsa.
An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.
Wannan miyar dai hannuwan ne suka ƙazanta ta.

Sai na tuna asusun kakata a Agege,
na yumɓu, baƙi, bakinsa siriri.
Kwabo na shiga, yatsa ba ya bi.
Ka girgiza, ka saurara, ka yi ta lissafi,
iyakarka ke nan.

Haka na sake ginin ajin.
Na ja katanga, na mai da adadin ƙuryar ɗaki,
na bar zaure guda mai ƙofa biyu,
ɗaya ta zubawa, ɗaya ta cira.
Mai zuwa ya yi sallama a nan,
mai gadi ya duba: abin da kake nema,
akwai shi kuwa?
Shi zai shiga da saƙon, shi zai fito da amsa.
Baƙo ba ya wuce zaure.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Saura rasit.
A da, in an yi kuskure, gogewa muke yi,
mu rubuta sabo a kan gawar tsohon,
har ba mai iya rantsuwa kan abin da aka biya ran Laraba.
Yanzu tun ranar haihuwarsa nake ɗaure shi:
rana, suna, adadi, shi ke nan.
Mai son canji, a haifa masa wani,
na farkon ya zauna yadda yake.
Magana zarar bunu ce,
sai dai ka faɗi wata ta bi bayanta.
Ko mutum goma ne suka karanta shi lokaci guda
ba mai fargabar an sauya shi a bayan idonsa.

Da safe Kehinde ya gani, ya tsuke baki.
“Yanzu sai na ƙwanƙwasa kafin in shiga?
Abin layi ɗaya ya koma bakwai.”
Na ce e, bakwai ne.
Na ƙirga su da kaina, ido na yaji.

Na hau danfo, na sauka cikin taɓo da warin tumatir.
Tanimu na zaune kan buhu, ya jawo littafinsa,
wanda mai da gumi suka rina wa gefe.
Na leƙa. Ba gogewa ko ɗaya.
Inda ya yi kuskure, ya bar shi a wurin,
ya sauko ƙasa ya rubuta gyaran da kwanan wata.
Yaransa huɗu, ba wanda ke taɓa biron.
Su faɗa masa, shi ya rubuta.

Na nuna masa kuɗinsa sun dawo.
Ya duba waya, ya duba littafi, ya sake duba waya.
Sannan ya ɗaure mini albasa shida a leda,
ya buɗe shafin yau,
ya rubuta su.