Darasin Daren Laraba

Daren Laraba, a ɗakin bayan coci a Fraserburgh,
inda iskar teku ke shigowa da ƙarnin kifi,
ɗalibai bakwai, yatsu jajur don ƙanƙarar masana'anta.
Na rubuta haruffa huɗu a allo: stay.

Ban ko ajiye alli ba Bogdan ya ɗaga hannu.
Ya ce, Malama Rennie, jiya a shagon burodi
wata tsohuwa ta tambaye ni ina nake stay.
Shekara tara ina biyan haya a garin nan,
har yanzu baƙo nake a idonta?

Na ce masa a'a.
Can kudu, a Ingila, kalmar baƙo ce:
kwana biyu a otal,
jaka a gindin gado ba a ko buɗe ta ba.
Mu nan arewa da ita muke tambayar gidanka,
inda kake dafa shayi, inda wasiƙa ke iske ka.
Tsohuwar gari ta ba ka, ba ka sani ba.

Ya sunkuya ya rubuta, har fensirin ya karye.

Nasrin, mai gyara kifi da dare, ta ce,
to mene ne bambancinta da saura?
Na ce ƙayar da ke faranti saura ce,
ba wanda ya nemi shawararta.
Shi kuwa wannan, ƙofa a buɗe take gabansa,
ya dube ta da kyau,
ya koma ya ja kujera.

Na nuna musu yadda take sauya riga
in an jingina mata ƙaramar kalma:
nan ta hana ido barci,
can ta kwana a waje,
can kuma ta ce kada ka kusanto ni.
Alƙali ma yakan ɗauke ta ya dakatar da hukunci.
Duk wannan yana cikin littafi.

Abin da ban faɗa ba shi ne Fergus.
Shekara talatin da ɗaya, kowace asuba a bakin gaɓa,
yakan ɗaga tafin hannu ya faɗa wa karya kalmar nan,
karnuka uku, ɗaya bayan ɗaya,
kowacce ta zauna kan jiƙaƙƙen dutse
har jirgin ya zama ɗigo.
Igiyar da ke riƙe sandar jirginsa ma sunanta ke nan,
shi ya koya mini, ni malamar Turanci.

A asibitin Aberdeen, bara, wajen ƙarfe huɗu na dare,
na ɗaga tafina kamar yadda yake yi,
na faɗa masa, sau biyu.
Nahawuna daidai yake.
Umarni ne, ba ya buƙatar komai a gaba ko a baya.

Ƙarfe tara ta buga, suka ɗauki rigunan sanyi.
Na fara tara kujeru, kafaɗar nan tana ƙorafi.
Bogdan ya kai ƙofa, motar ƙarshe na jiransa,
ya duba waje, ruwa na sauka a karkace,
ya cire hula ya dawo.
Ya ce, Malama, bari in stay.

Ban gyara masa komai ba.
Na miƙa masa kujera biyu.