Kejin Ɗan Kwatano

Gwaggo Hurera ta rasu ran Laraba.
Ta bar mini tukwane uku, da bashin mai gawayi,
da aku mai launin toka, mai jar wutsiya,
wanda mijinta ya ɗauko daga Kwatano
tun ina rarrafe a tsakar gidan nan na Birni.

Kejinsa ya tsufa tare da ita.
Tsatsa ta cinye gindin,
igiyar rama ke riƙe da ƙofar,
in ya miƙe fiffike ɗaya
sai ɗayan ya jira a ba shi hanya.

Ran Alhamis na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
na lulluɓe shi da tsohon zanenta.
Tun daga Birni yake zagin mai babur
da kalmomin da ban san Gwaggo ta iya ba.

Na farko na karan dawa ne, saƙar hannu,
ya yi kyau kamar a ajiye shi a kan kabad.
Na ce, malam, bakin da ya ga bayan ƙafar kujerar Gwaggo
kafin la'asar zai mai da wannan asuwaki.

Na biyu zagayayye, ya sha koren fenti,
har da 'yar ƙararrawa a ka.
Na kankara, fentin ya biyo farcena.
Abin da ya bi farce zai bi harshe.
Kuma ɗakin da ba shi da kusurwa,
ina mai jin tsoro zai raɓe
daren da muzuru ya leƙo ta katanga?

Na uku dogo ne, siriri.
Aku ba guga ba ne
da zai wuni yana sama yana ƙasa.

Mutari maƙeri, can bayan masu gyaran rediyo,
bai nuna mini komai ba.
Ya ce, yaye zanen in ga mai gidan.
Suka dubi juna, shi da ido biyu, aku da ɗaya.
Ya ce, faɗi ake nema, Tsahara, ba tsawo ba,
ya buɗe fiffike biyu bai gaisa da ƙarfe ba.
Tsakanin sanda da sanda, yatsa ya shiga, kai ya tsaya.
Sakata a waje, mai murɗi biyu,
don irinsu sun fi ɓarawon Tudun Jamus sanin ƙofa.
Faranti a ƙasa mai zarewa,
reshen tsamiya a gicciye, da ɓawonsa,
ya samu abin huce haushi.

Jaka goma sha biyar, in ji shi.
Na ce takwas. Aku ya ce, albarka!
Mutari ya yi dariya har ya zauna a kan maƙera.
Muka rabu a sha ɗaya.

Kwana uku ya ƙi shiga.
Na zuba gyaɗa, na rataya dabino,
ya hau kan tsohon kejin ya juya mini baya.
Na ce ko na zaɓa wa idona ne, ba shi ba.
Ni ma, ai, ban koma ɗakinta ba,
a rumfa nake kwana.

Daren na huɗu, dutsen bayan gida bai gama hucewa ba,
famfon da ya yi mako tara bai ce uffan ba
ya yi tari.
Sai muryar Gwaggo, da kakinta da komai:
Tsahara! Ruwa ya zo! Tashi, kawo bokiti!

Na zabura ba takalmi,
har na amsa, na'am, Gwaggo.

Yana ciki, a kan reshen tsamiya,
a kusurwar da ke kallon ƙofar ɗakinta,
yana ɓare gyaɗa da ƙafa ɗaya.
Bokitin ya cika ya tumbatsa ina tsaye.
Ban murɗa sakatar ba sai da aka kira asalatu.