Ƙarfe Goma da Kwata

Ni ne mai makullan makarantar nan ta Fleetwood.
Shekara ashirin da shida ina buɗe ƙofa
tun tsuntsayen teku ba su fara gardama ba.
Na san famfon da ke ɗiga,
na san tagar da iska ke mari,
na san teburin da ake manna wa cingam a ciki.
Abin da ban sani ba na ɓoye shi
kamar ƙurji a hammata.

Sai Malama Entwistle ta zo da dokarta:
ƙarfe goma da kwata, in ƙararrawa ta kaɗa,
kowa ya saki abin hannunsa ya ɗauki littafi.
Kowa, in ji ta. Ta dube mu, ta sake cewa kowa.
Malamin lissafi ya bar jimla a rataye,
mai koyar da ƙwallo ya zauna a kan ƙwallonsa,
Doreen ta kicin ta rage wutar dankali,
ta goge hannu, ta buɗe labarin wani ɓarawon lu'ulu'u.
Yara ɗari tara suka yi tsit.
Ranar na fara jin ginin nan yana numfashi.

Ni na zaɓi mai kauri, don girma,
na zauna bakin matakala inda za a gan ni.
Baƙaƙen suka watse kamar tururuwar da aka zuba wa ruwa.
Ina da sha biyar na bar aji na hau jirgin kamun kifi,
teku kuwa ba ta tambayar mutum rubutu,
igiya take tambaya, da ƙugiya, da jure sanyi.
Na iya karanta Mafita, na iya Haɗari, na iya sa hannu.
Sauran, sai in ce na baro tabarau a gida.

Mako uku ina shafi na arba'in.

Declan Sowerby ne ya kama ni,
yaron da ake korowa waje kusan kullum.
Ya ce, Malam Threlfall, ba ka juya takarda.
Na ce tabarau.
Ya ce, ga shi nan a hancinka.
Kunnuwana suka ɗau zafi.
Ranar wanka ta zo, ga cibi a fili.

Bai yi dariya ba. Ya zauna, ya tsura wa takalminsa ido.
Ya ce shi ma layi tsalle yake yi masa,
shi ya sa in an kusa zuwa kansa
yake jifan wani da biro.
Gara a ce masa mara ji
da a ce masa daƙiƙi.

Yanzu muna sauka ɗakin injin ɗumama gini,
kujera ɗaya, bokiti ɗaya a kife.
Mai kula da laburare ta miƙo mana siririn littafi
a kan jiragen kamun kifi na da,
ba ta tambaye mu komai ba, Allah ya saka mata.
Shi yana bin baƙi da yatsa, yana fasa kalma kamar gyaɗa,
ni ina gaya masa abin da ke cikin ɓawon:
wannan ƙulli ne, haka ake ɗaure shi,
wannan iska ce, ta taɓa cinye mini hula da aboki.
Wani lokaci shi ne malam, wani lokaci ni.
Wani lokaci mu biyu mu kafe a kalma ɗaya
kamar mota a taɓo.

An ce gemu ba ya hana ilimi.
Ni ba gemu ya hana ni ba, kunya ce,
ita kuwa ta fi gemu tsawo.

Jiya Declan ya karanta layi huɗu a gaban aji,
murya na rawa, amma bai jefi kowa ba.
Doreen ta ba shi ƙarin dankali.

Yau ƙararrawar tashi ta kaɗa, na ji haushinta.
Famfon bene na biyu yana can yana ɗiga.
Ya jira.
Jirgin bai iso gaɓa ba tukuna,
kuma saura shafi biyu.