Ranar da "a" ta Kwanta

Sanyin bana bai yi sallama ba.
Ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo, daren Talata,
ya fara da Ɗayyabu, autan gida,
hanci kamar famfon da aka manta a buɗe.
Kafin Juma'a ya zaga ɗakuna duka.
Maigida na tari irin na tsohon janareta,
Inna Kulu ta naɗe kai da kallabi uku
tana rantsuwa, tun tana yarinya a Rafin Daɗi
ba ta ga ɗari irin wannan ba.
Bara ma haka ta ce.

Ruwan randa ya zama abokin gaba,
alwalar asuba sai an sha shawara da zuciya.
Man kaɗe ya daskare a kwalba,
kaushi ya tsaga dugadugan yara,
kaskon wuta na gyangyaɗi a tsakar ɗaki.

Ni kuwa sakamakon jarrabawa na jirana,
ɗalibai ɗari da sittin da uku,
shugabar makaranta ta ce Litinin,
ko ana ha maza ha mata.

Na ɗora kwamfuta a cinya ina shan ɗuminta,
ita kaɗai ke da zazzaɓi mai amfani a gidan nan.
Ga kofin shayi a gefe,
citta, kanumfari, lemun tsami,
da cokalin zuma na ƙarshe.

Atishawa ba ta neman izini.
Ta zo ta fizge ni, gwiwa ta daki kofi,
kafin in ce alhamdu lillahi
shayi ya bi tsakanin haruffa
kamar ruwan Agusta a lungunan Yammawa.

Na kife ta, na goge da gefen zani,
Ɗayyabu na fifita da maficin kakarsa.
Ɗan maƙwabta ya leƙo ya ce a binne ta a buhun shinkafa.
Maigida ya ɗago daga bargo:
"Wane buhu? Wadda muke awo da gwangwani?"

Da safe ta farka, na yi hamdala.
Komai na nan, sai harafi guda.
"a" ta ƙi tashi.
Na danna, shiru. Na lallasa, shiru.
Na ɗan dake ta, Allah ya yafe mini, shiru.

Wa ya taɓa rubuta Hausa ba "a"?
Balaraba ta koma Blrb,
Salamatu ta rame ta zama Slmtu,
garinmu kansa ya tsuke, Ktsin,
sai ka ce mai magana da toshewar hanci.
Yaro ɗaya ne ya tsira da sunansa cif,
Idi Mudi,
shi ne kuma na ƙarshe a aji.

Na goya ta a jaka zuwa Ƙofar Ƙaura.
Sagir mai gyara, hula har kunne,
ya juya ta, ya sansana, ya ce, "Malama, har da zuma?"
Kayan sai an aiko daga Kano, Laraba in an dace.
Shi ma atishawar ta zo masa,
amma ya kau da kai can gefe.
Gwani gwani ne.

Daren Lahadi ga ni da biro da fitila,
yatsu sun ƙage, ina hura musu baki,
ina zana kowace "a" da hannuna,
ɗan ciki, 'yar wutsiya, ɗan ciki, 'yar wutsiya.
Shekara goma sha tara ina koyarwa
ban taɓa sanin yawanta ba,
kamar numfashi ta hanci,
ba ka gode masa sai ya toshe.

Marar lafiyar na can kan gado,
lulluɓe da tawul kusa da Ɗayyabu,
kyanwa ta kwanta a kanta tana jiran ɗumin da ta saba.
Inna Kulu ta leƙo da kwalba a hannu,
ta gama shafe jikokinta,
tana tambaya ko ita ma a shafa mata man zafi.